Kwalin da Baba Ya Bari

Abu biyu ne a gaban Baba a lokacin: sigarin da ya shekara arba'in yana sha, da ƙirjinsa da likita ya ce ba zai ƙara ɗauka ba. Ya zaɓi ƙirjin.

Tsohon malamin makaranta ne, maƙwabcin shagona na siminti a garin Iku. Dabarar da ya yi ita ce, duk sanda kwaɗayin taba ya taso masa, sai ya zana gidaje a bayan kwali, ya shirya wasan cike kalmomi. Tambayoyinsa ba sa wuce taba da shuke-shuken da ke hawa dangarsa. Fensirin ma tsakanin yatsu biyu yake riƙe shi, yana kakkaɓe tokar da babu.

Wata la'asar ya miƙo mini kwalin. "Alhaji, mai hawa danga, gida huɗu."

Na ce, "Soso."

"Duma ne, sarkin gaggawa! Da siminti ne da ka tsaya ka duba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mai saye ya shigo, na ce, "Baba, anjima." Haka nake ce masa kullum.

Jiya ina share ƙarƙashin kanta na tsinci wani kwalinsa, rabi babu amsa. Na zauna ni kaɗai na cike shi, babu mai ce mini na yi daidai ko kuskure.

Ban taɓa rasa ciniki saboda shi ba. Hirarsa ce na yi asara. Allah Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa ya huta.