Rarar Ƙugun Wando

Telan da ke yi wa gidana ɗinki ana ce masa Ƙaro-Kaɗan. Aikinsa ne ya jawo masa sunan: bai taɓa ɗinka wando bai naɗe rarar yadi a cikin ƙugu ba, saboda ranar da mai wandon zai ƙara jiki. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarƙashin wani bene, da keken ɗinki biyu, teburin yanka, dutsen guga, da madubin da ya tsage ta gefe. A wurin kawunsa ya koyi aikin tun yana yaro, da ɗinkin ya yi aure, da shi ya raini 'ya'yansa. A da, ba ka raba shi da kwalbar lemo a gefen keke da sigari a bayan kunne.

Babban ɗana ma'aikacin ofis ne, zama daga safe har yamma. Duk shekara yakan kai wandunansa a buɗe masa ƙugu. Ƙaro-Kaɗan zai sa reza ya farke ɗinkin yana dariya: "Arziki ya zauna! Ka ga amfanin rarata?" Mu ma dariya muke yi. Ɗan nawa yana da shekara talatin da takwas ya faɗi a matattakalar ofishinsu, hannunsa dafe da ƙirji. Kafin a isa asibiti ya cika. Likita ya ce zuciya ce, hawan jini ne da ya daɗe ba a sani ba, kuma 'yan'uwansa su je a duba su. Ɗan'uwa ɗaya gare shi, Auta, direban motar haya.

Telan ya zo mini gaisuwa. Daga baya na ji ya je an auna jininsa, an ce ya hau. Tsoro ya shige shi. Ya bar sigari, ya maye gurbin lemo da gorar ruwa, ya roƙi matarsa ta rage gishiri da mai. Ya daina hawa babur zuwa shago, da ƙafa yake zuwa. In ya gama riga ɗaya sai ya miƙe ya taka zuwa ƙarshen layi ya dawo. Mai gyaran waya na kusa da shi yakan ɗaga murya: "Tela, allurar ce ta sake ɓacewa?" Telan sai ya ci gaba da tafiyarsa. Ya taɓa gaya mini cewa wani lokaci yakan tsayar da keke tsakiyar ɗinki, ya yi shiru yana sauraron ƙirjinsa.

Auta kuwa ya ƙi asibiti. "Baba, lafiyata ƙalau. In na je sai sun nemo mini ciwo." A cikin mota yake cin soye-soyen bakin tasha, yana korawa da lemo mai zaƙi don kada barci ya ɗauke shi. Da mahaifiyarsa ta raba kayan mamacin, shi aka ba wandunan. Wata safiya ya fito da wani mai ruwan toka a jikinsa.

"Baba, ka gani? Kamar don ni aka ɗinka."

Wandon da yayansa ya fi sawa ne a shekararsa ta ƙarshe. Na nemi kujera na zauna.

Ba a daɗe ba shi ma wandon ya matse shi. Ya ce zai kai a buɗe, na ce zan raka shi. Daga inda ya ajiye mota zuwa shagon ba nisa, amma ina jin numfashinsa a bayana.

Ƙaro-Kaɗan ya juya wandon ciki waje. Sawun allura na tsofaffin ɗinke-ɗinke na nan jere, layi bayan layi, har bakin yadin.

"Kawu, ko yatsa biyu ka ƙara mini," in ji Auta.

"Babu rara. Nan muka tsaya da yayanka."

"To ka sa wani ƙyalle mana."

"Ba zan sa ba."

"Kai Kawu! Tela ne kai ko likita?"

"Tela ne. Ni na buɗe duk layukan nan, ina dariya." Ya miƙa masa wandon. "Ka kai wa wani in kana so. Ni dai hannuna ya ƙi."

Auta ya karɓi wandon, ya daɗe yana kallon sawun allurar. Ya sa yatsa a kan layin ƙarshe. Sannan ya naɗe shi, muka koma gida.

A makon ya je aka auna shi. Jinin ya hau sosai, aka ɗora shi kan magani. Yanzu da safe yakan ajiye mota a bakin shagon, su zaga unguwa da telan suna musu a kan wanda ya fi saurin gajiya. Matar Auta na zuba masa abinci daga gida, da ganye da 'ya'yan itace. Ba kullum yake bi ba. Na taɓa ganin kwalbar lemo a ƙarƙashin kujerar motarsa, na kwana biyu abinci ba ya shiga mini.

Bayan wasu watanni ya miƙo mini wandon, ya ce yana zame masa, in biya wurin tela a rage. Ƙaro-Kaɗan ya ja alli, ya ɗinke, ya fara naɗe rarar ciki kamar yadda ya saba.

Na ce, "Yanke ta."

"Malam, ban taɓa yanke rara ba. In jikin ya dawo fa?"

"In ya dawo, kada wandon ya shige shi. Gara ya ji matsi ya tsorata."

Ya dube ni, ya dubi yadin. Sannan ya ɗauki almakashi ya yanke, ya miƙo mini guntun ƙyallen.

Ina kan hanyar gida wayata ta yi ƙara. Rana tsaka ce, daidai lokacin da aka kira ni ranar da babban ɗana ya faɗi. Na tsaya a gefen titi, ƙyallen a dunƙule a hannuna, sai da ta kusa katsewa na ɗauka.

"Baba," in ji Auta, "an gama wandon?"