Ranar da kawuna ya fara zaɓe da ni

Shekarun baya, ina aji uku a kwalej, kawuna tela ne a kasuwar Wadata, da yamma kuma shi ke horar da wata ekip, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƴan mata, a unguwarmu. Ekip biyu ne a unguwar. Al'adarsu, in an koma lakwal bayan hutun makaranta sai a tara sababbin ƴan mata a fili a raba su, wanda ya sha kashi bara shi ke fara zaɓe. Kawu kuwa kusan kullum shi ke farawa.

A shekarar ya kamu da kallon ƙwallon Amurka a wayarsa, wadda ake sa hular kwano ana ture juna. Yana taka keken ɗinki yana ba mu labari: "Can ma na ƙarshe ke fara zaɓe. Kuma mai jefa balo suke ɗauka, yaro ɗanye daga jami'a. In ya yi kyau, ekip ta huta shekara goma."

Na ce, "In bai yi kyau ba fa, Kawu?"

Ya ce, "Ke dai miƙo mini almakashi."

Ranar rabo kowa ya san wadda za a fara ɗauka: wata doguwa daga wajen kasuwar Katako, mai tsaron baya, faɗin kafaɗunta kamar ƙofar shago. Sai Kawu ya nuna ni. Ni da iska ke kaɗawa! Ɗayan mai horarwar ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Malam tela, na gode da kyauta," ya ja doguwar gefensa.

Kawu ya ce wai ina ganin fili kafin balo ya iso ƙafata. Gaskiya maganar ta yi mini daɗi, kwana biyu ina tafiya da ƙyar don jin kai.

Wasan farko ya sa ni tsakiya. Na ba da balo biyu masu kyau, har na ji ana kiran "ƴar tela". A na uku na tsaya ina neman wadda zan ba, sai na ji gudu ta bayana. Babu ko ɗaya daga cikin namu kusa da ni. Doguwar ce. Na ji ƙas a ƙashin wuyana kafin in ji zafi.

A asibiti mahaifiyata ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Kawu ke nan. Ta ce da ƙanen nata, "Su can Amurkar, haka suke jefa yaro shi kaɗai?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce a'a, akwai ƙattai biyar da aikinsu kawai tsare shi, wasu ma sai su zaunar da shi shekara guda yana kallo tukuna.

Ta ce, "To ina nata ƙattan?"

Ƙashin ya warke. Doguwar ta zo gaishe ni da lemo, yanzu ma ƙawata ce. Na koma fili bayan shekara, amma kowane balo sai in yar da shi da sauri ina waige. Kawu da kansa ya ce in huta.

Har yau in ina tafiya cikin Wadata na ji mai amalanke ya taho a guje ta bayana, sai in manne da bango. Kuma har yau ina juya abin a raina. Shin zaɓen ne kuskure, ko gaggawar? Don fa ina ganin filin, wannan ba ƙarya ya yi ba. Da ya ɗauki doguwar ya bar ni, ƙila ba wanda zai taɓa sani. Da ya same mu mu biyu, ƙila da wani labarin nake ba ku.

Bana ya nuna mini zaɓensu na Amurka a waya. An kira wani yaro na farko, yana kuka, uwarsa ta rungume shi. Kawu ya ce, "Dubi hannu! Wannan zai yi nisa."

Ni kafaɗarsa nake kallo. Na ce, "Kawu, wa zai tsaya bayansa?"