Daga Ƙasa Ake Fara Sharar Layi

Duk wanda ya ce maka ƙanƙara ba ta sauka a Makka, to da zafi ya zo ya yi Umararsa ya koma. Ubaidullah Mahmudu ya ga saukarta sau shida a shekarunsa hamsin da tara, kuma ta shidan ce ta kusa raba shi da garin.

Aikinsa sharar layin dogo. Akwai wani yanki a bayan gari inda aka yanka dutse gida biyu layin ya ratsa ta tsakiya, kamfanin da yake wa aiki shi ke kula da wurin. Yawancin shekara ba wani abin a zo a gani: a kwashe yashi, a kawar da dutsen da ya gangaro, a leƙa kwalbati. Amma in sanyi ya shigo hadari ya taso, sai a tsayar da jirage a kira su su goma sha biyu, kowa da sheburinsa.

Wannan aikin shi ke riƙe da shi a Makka. A nan aka haife shi, a nan ya binne iyayensa, amma takarda ba ruwanta da wannan. Iƙamarsa, katin zaman ƙasa, kamfanin ne ke sabunta masa ita duk shekara. A bana saura mata mako uku, ga shi an kawo motocin kwasa za a rage mutane, kuma sabon injiniyan da aka turo shi zai rubuta waɗanda za su ci gaba da aiki. Wanda sunansa ya faɗi sai ya nemi wani kafilin da zai tsaya masa a kan iƙama, wa kuwa zai ɗauki mai kusan sittin? Abin da ya rage sai Nijeriya, wadda bai san komai nata ba sai sunan wani ƙauye kusa da Gwadabawa, inda kakansa ya taso a ƙafa ya biyo ta Chadi da Sudan.

Shebur kuwa tun bai yi gemu ba ya san shi. A Nakkasa ya tashi, unguwar da gidaje suka hau kan dutse, rufin wani daidai da ƙofar wani. Mahaifinsa, Malam Mahmudu mai tsire, gidansa na can kusa da ƙololuwa, amma in sama ta yi baƙi sai ya rufe tukubarsa ya sauka har gindin dutsen yana buga ƙofofi. Dokar unguwar ke nan, ba wanda ya rubuta ta: ba mai taɓa magudanar ƙofarsa sai an buɗe ta gidan da ya fi kowane ƙasa. Daga nan ake hawowa gida-gida. Na sama in ya riga sharewa, duk ruwansa da tarkacensa a ɗakin na ƙasa za su kwana. An taɓa yin wani baƙo da ya share tasa ƙofar tun kafin a iso gare shi. Shekara biyu ana kiransa Mai Kyauta, don ya aika wa maƙwabcinsa rabin bolar unguwa.

In ruwa ya wuce sai mata su fito da kunu da shayi, a zauna a kan matakala jiƙe sharkaf, ana Hausa ana Larabci, wani ya fara magana da wannan ya ƙare da wancan. Ubaidullah bai taɓa shan kunun da ya kai na ranar ruwa daɗi ba, ya kuma sha faɗa wa matarsa Zubaidatu haka, ita kuwa ta ce yunwa ce kawai. Yanzu an rushe ɓangarensu na unguwar, an baje shi. Suna hawa na huɗu a wani bene a bayan Aziziyya, inda ruwa ke zuba ya ɗauke ba wanda ya buga ƙofar wani. Yana kewar Nakkasa ƙwarai, har da wahalarta.

Sabon injiniyan, Muhandis Ayman, mutumin Sham ne, kuma ba mugu ba ne. Matsalarsa ɗaya: shi ma yana da tasa kewar. Shekara bakwai ya yi yana share dusar ƙanƙara daga layin dogo a duwatsun Turkiyya, kuma ba a zaman shan shayi da ba zai ɗauko zancen ba. Yadda dusar ke binne layi har ba a ganin sandar alama, yadda suke fita da jirgi mai garma a gaba yana tsaga ta, yadda suke ture ta gefe ta zauna nan kamar katanga har watanni uku. In yana ba da labarin fuskarsa har haske take yi. Yashin Makka kuwa kallon raini yake masa.

Ranar wata Talata bayan azahar sama ta buɗe. Minti ashirin kacal ƙanƙara ta yi tana zuba, amma iska ta tattaro ta cikin yankan dutsen nan ta tara, har ta shafe layin a wajen sama. Da suka iso wurin ya yi fari fat. Muhandis Ayman ya sauko daga mota yana murmushi kamar wanda ya haɗu da ɗan garinsu a ɗawafi.

Nan take ya raba aiki. Kowa ya hau sama inda ta fi yawa, a yaye ta daga kan layi a watsa gefe, motar kwasa ta bi ta hanyar gefen ta turo ta ƙasa ta tara. Aiki ne mai tsari, ba ƙarya. Sai dai inda motar ke tarawa nan ne bakin babban kwalbatin da ke ratsa ƙarƙashin layin.

Ubaidullah ya dubi tulin, ya ɗaga kai ya dubi duwatsun gabas. Har yanzu baƙi ƙirin suke. Ruwan da ya zuba a can bai iso ba tukuna, yana hanya.

“Ya muhandis,” ya ce da Larabci, “da mun fara da ƙasa. Sail, ambaliyar duwatsu, na tafe, in ya tarar da bakin nan a toshe, ta kan layi zai bi ya kwashe tsakuwar.”

“Ya ammi, sama ta washe,” in ji Ayman. “Shekara bakwai na yi a wannan aikin. Layi ake fara buɗewa, gefe ya biyo baya. Koma wurinka.”

Ubaidullah ya ce, “Ƙanƙararku tana jira. Tamu ba ta jira.”

Murmushin Ayman ya ɗauke. Ya ce, yadda kowa zai ji, duk wanda ya bar inda aka sa shi zai rubuta sunansa a rahoton masu laifi.

Ubaidullah ya koma. Ya kwashi shebur ɗaya, ya kwashi na biyu. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ya tuna Zubaidatu da ciwon ƙafarta, ya tuna ƙauyen da ko hotonsa bai taɓa gani ba. Ba layinsa ba ne, ba kwalbatinsa ba. In tsakuwa ta tafi, ba shi za a tambaya ba. Duk ya faɗa wa kansa wannan. Amma hannunsa ya ƙi. Shekara hamsin bai taɓa share sama alhali ƙasa na toshe ba, ji yake kamar an ce ya yi salla ba alwala. Ya saɓa sheburinsa ya gangara.

Jibril, abokin aikinsa, Bahaushen Chadi mai furfura irin tasa, ya bi shi da ido, ya kira shi da alkunyarsa, ya ce da Hausa, “Abu Hudaifa, iƙamarka fa.”

“Na sani.”

Jibril ya yi tsaki, ya zagi ƙanƙarar, ya biyo shi. Can sai wasu mutum biyu 'yan Bangaladash suka sulalo su ma.

Tulin ya kai ƙirji, kuma ba ƙanƙara kaɗai ba ce: ga tsakuwa, ga ledoji, ga reshen ƙaya da iska ta kawo. Ƙasanta ya fara narkewa ya zama taɓo mai nauyi. Ubaidullah ya sa suka faro daga mafitar kwalbatin, suka share ta, sannan suka zagayo suka fasa tulin ta tsakiya. Yatsunsu sun mutu don sanyi. Oba-obar da ke ƙugunsa tana ta kiran sunansa, bai amsa ba.

Sun yi kusan minti arba'in sai suka ji shi. Da farko kamar babbar mota daga nesa. Ubaidullah ya ce su hau, suka rarrafa kan gangaren. Ruwan ya fito daga kwazazzabo jajir, yana mirgino duwatsu, ya daki ragowar tulin ya haɗiye shi. Ya taru a bakin kwalbatin yana hawa, yana hawa, har saura kamar taki ɗaya ya taɓa tsakuwar layin. Sai kwalbatin ya ja shi. Ya fice ta ɗaya gefen yana ruri.

Muhandis Ayman na tsaye a sama, oba-oba a hannu. Kafin magariba aka buɗe layi, jirgi ya wuce.

Kwana huɗu ba wanda ya kira Ubaidullah. Ya gaya wa Zubaidatu abin da ya faru, bai rage komai ba. Ta dube shi ta daɗe.

“Abu Hudaifa, kai da kwalbatin mutane,” ta ce. “Halas, shi ke nan, Allah ya zaɓa mana.”

Washegari ya dawo daga aiki ya tarar ta sauko da akwatuna biyu daga kan kwaba tana kakkaɓe su. Bai tambaye ta ba, ita ma ba ta yi bayani ba.

Rana ta biyar Ayman ya kira shi ofis. Ya zuba masa shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

“Na rubuta sunanka a rahoto, kamar yadda na ce,” in ji shi. “Ka bar wurinka, dole in rubuta. Na kuma rubuta abin da ya sa.” Ya ajiye butar shayin. “Can inda na yi aiki, in ka ture dusa gefe tana nan har bazara. Na ga fari sai na manta inda nake. Wa ya koya maka?”

“Babana.”

“Injiniya ne?”

“Mai tsire ne.”

Ayman ya yi dariya, sannan ya ga ba wasa ake ba, ya bari. Ya juyo masa da takardar waɗanda za su ci gaba da aiki. Mutum bakwai ne. Sunan Jibril na biyar, nasa na shida.

Saƙon sabuntawa ya shigo wayarsa ranar Alhamis, yana cikin motar komawa gida. Ya karanta sau biyu. Ya hau benen a hankali, yana hutawa a kowane hawa, ya tarar da Zubaidatu tana yanka albasa. Ya miƙa mata wayar, ta ce hannunta da ruwa, ya faɗa mata kawai.

“An sabunta.”

“Alhamdulillah. Zuwa yaushe?”

“Shekara ɗaya.”

Ta goge hannunta a zani, ta shiga ɗaki. Ya bi ta ya ɗaga mata akwatin farko ya mayar kan kwaba. Da ya sunkuya zai ɗauki na biyu sai ta dafa shi.

“Bar wannan a ƙasa,” ta ce. “Baɗi ba lallai bayanka ya iya sauko da shi ba.”