Tutar da Aka Kawo Mini Ɗinki

Ni maɗinkiya ce, a gida nake aikina, a wani ɗan ɗaki da ke bayan gidanmu a Bani Harisa. A nan Madina aka haife ni. Iyayena daga Cadi suka zo, mijina kuwa Bahaushen Sudan ne. Mun yi shekaru da aure wannan bambanci bai wuce na lafazi ba, su faɗi kalma yadda suka saba, mu faɗa yadda muka saba, a yi dariya a wuce.

Wan mijina, wanda nake kira Yaya, yana da shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Al-Azizya. Ƙaton mutum ne mai babbar murya, mai kyauta kuma. Tun da mahaifiyata ta rasu Babana ya dawo zama da mu, Yaya ne yake zuwa kowace Juma'a ya ɗauke shi a mota ya kai shi Harami, ya riƙe masa hannu har cikin sahu.

Ana cikin watan azumi ya zo mini da wani ƙunshi a naɗe cikin tsohon zanen harami. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ɗinkin ya ce, "Amarya, aiki na kawo miki, amma ba irin wanda kika saba ba. Ki wanke hannu tukuna."

Da na warware sai na ga tuta ce. Tsohuwa ƙwarai, yadin ya yi laushi har ina tsoron taɓawa. Jan da ke jikinta ya koma kalar ƙasa, a tsakiya an ɗinka rubutun Larabci da farin zare, sunan Allah a sama. Gefe ɗaya ya yage, ɗaya gefen da wani tabo baƙi mai faɗin tafin hannu biyu.

Yaya ya ce tutar rundunar wani shugaban yaƙi ce, wanda ya taso daga gabas a zamanin da, ya ci ƙasashe, ya kuma mutu yana yaƙar Turawa. Kakan mahaifinsu ne mai riƙe ta. Yana so in yi mata shafi da sabon yadi ta baya don ta iya ratayuwa, saboda a taron Sallah da Hausawan unguwa suke yi kowace shekara yana so a kafa ta a bango, a kuma yi jawabi a kan mutumin. "Yaranmu ba su san komai ba," in ji shi. "Ka yi musu Hausa su amsa da Larabci. Ko wannan su sani, cewa mu ma muna da maza."

Na ce to. A lokacin sunan mutumin kawai na sani.

Washegari da hantsi na shimfiɗa ta a kan teburin yanka ina auna yadi, Baba ya zo wucewa zai je alwala. Ya tsaya. Ya matso da fuskarsa kusa, don idonsa ya yi rauni, ya daɗe yana kallo. Ya tambayi ta wace ce, na faɗa masa. Sai ya nemi kujera ya zauna, ya ce in rufe ƙofa.

Ya ce shi kakansa ne ya rene shi, kuma tsohon ba shi da kunnen dama. Yana yaro yakan tambaye shi, tsohon ya ce kura ce ta cinye. Sai da ya girma ya gaya masa gaskiya. Garinsu a bakin kogi yake, garin Musulmi, da masallaci da makaranta. Rundunar ta iso da safe mutane suna gona. Aka tara maza a gindin ganuwa, aka kafa bindiga a tsaye, duk namijin da ya fi ta tsawo aka yanka shi, ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kallo. Liman ya fito da Alƙur'ani a hannu yana roƙo, aka sare shi a ƙofar masallaci. Mata aka ɗaure su da igiya ɗaya a wuya. Uwar kakan tana goye da jaririya, jaririyar ta ƙi yin shiru, wani soja ya fizge ta daga bayan uwar ya jefa a rijiya. Yaran da ba su kai tsawon bindiga ba aka yanke wa kowa kunne ɗaya, shaidar cewa na rundunar ne.

"Ya ce mini abin da yake kallo lokacin da ake yanke masa kunne, tuta ce," in ji Baba. "Ja, da sunan Allah a sama. Ya ce ya kafa mata ido ne don yana zaton mai sunan zai aiko a hana."

Ban iya ci gaba da aikin ba. Na naɗe ta na ajiye a saman kabad. Da mijina ya dawo na gaya masa. Ya ce shi ma labarin da ya taso da shi daban ne, amma a bar maganar har dattawa su zauna. Kuskuren da aka yi shi ne Baba ya ba ƙanena labarin.

Ƙanena a lokacin yana sayar da dabino ga masu ziyara a wajen Masallacin Ƙiblatain. Mai sanyin hali ne a kullum, amma idan ya hau ba ya jin kira. Kuma takardar zamansa, iƙama, ta ƙare, domin ubangidan da yake ƙarƙashin sunansa ya rasu, magada ba su gama gyara al'amarin ba. Kullum a ɗarare yake tafiya.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki ne taron, don haka aka sa zama a falon gidanmu ranar Sallah ta biyu bayan La'asar. Dattawan unguwa suka zo, da Yaya, da mijina, da Baba, da ƙanena wanda ba wanda ya gayyace shi. Yaya ya aiko a kawo tutar, aka shimfiɗa ta a tsakiyar kafet. Ni na miƙa butar gahawa da dabino ta bakin ƙofa, na koma ɗakin ɗinki. Bango ɗaya ne tsakaninmu, ina jin komai.

Yaya ya fara. Ya yi magana mai kyau, ba zan ɓoye ba. Ya ce lokacin da sarakuna suke miƙa wuya, wannan mutum ne ya tsaya. Ya ce a ranar yaƙin ƙarshe igwar Turawa ta farfasa hannun kakansu, mutane suna zubewa ta ko'ina, dawakai suna gudu da hanjinsu a waje, amma bai saki tutar ba. Ya naɗe ta a cikinsa ƙarƙashin riga, ya yi ta tafiya gabas da ƙafa, hannun yana ruɓewa, har wani wanzami ya datse masa shi a hanya. "Wannan tabon da kuke gani, jininsa ne," ya ce.

Na ji muryar Baba a hankali. "Ɗana, ka tabbata nasa ne?"

Baba ya ba su labarin kakansa kamar yadda ya ba ni, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya gama ya ce, "Ban ce ka jefar ba. Gadonka ne, ka ajiye a akwatinka. Amma kada ka kafa ta a inda zan zauna in ci abincin Sallah da jikokina."

Wani dattijo mutumin Kano ya ce su a wajensu ma ba su san mutumin sosai ba, kuma a ƙasar mutane muke, kafa tutar yaƙi a ɗakin taro na iya jawo tambaya. Wani daga Sudan ya ce kowane mayaƙi na wancan zamani haka ya yi, idan za a bi wannan ba wanda zai tsira. Wani ya ce a kafa tutar amma a bar jawabin. Murya ta fara tashi, Hausa tana komawa Larabci, kamar yadda muke yi idan rai ya ɓaci.

Sai Yaya ya faɗi maganar da ta ɓata komai. Ya ce, "Baba, da girmanka, ba a kai wa gari yaƙi haka kawai. Wataƙila mutanenku da Turawa suke."

Na ji ƙarar faranti ya kife. Na fito da gudu, almakashin yankan yadi yana hannuna ban ma sani ba. Da na tura ƙofar falon, ƙanena ya riga ya damƙi tutar, ya ciro ashana yana cewa yau sai ya ƙone ta. Dattawa suna ihu, "Sunan Allah! Akwai sunan Allah a jiki!" Ya yi turus na ɗan lokaci. A wannan tsayawar Yaya ya ɗauki butar gahawa ta tagulla ya maka masa a gefen kai.

Gahawar tana da zafi. Ta kwarara masa a wuya da ƙirji, goshinsa ya tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya yi kan Yaya da ka, suka faɗa kan teburin gilashi ya tarwatse. Yaya ya hau kansa yana naushin fuskarsa, ina jin sautin kamar ana dukan jiƙaƙƙen tufafi. Mijina ya riƙe wansa ta baya, Yaya ya watsar da shi ya bugi bango. Na kutsa ina kiran sunan ƙanena, ina jan rigar Yaya. Ƙanena ya ga almakashin a hannuna, ya fizge, ya soka wa Yaya a damtse, ya zare ya sake sokawa a kafaɗa.

Baba ya taso da sandarsa zai shiga tsakani. Ban ga wanda ya ture shi ba, har yau ba wanda ya ce shi ne. Na dai ga ya tafi da baya ya faɗi a kan dakalin ƙofa, na ji ƙashi ya yi ƙara. Bai yi kuka ba, bakinsa kawai ya buɗe.

Su biyun ba su ma san ya faɗi ba. Suka turo juna har waje, cikin layi, Yaya jini yana bin hannunsa yana ɗiga daga yatsu, ƙanena fuska a kumbure, farar rigar Sallah ta zama ja. Yaya ya kama wuyansa ya buga kansa a jikin wata mota. Maƙwabta suka fito, wani ya kira 'yan sanda. Kafin su iso mutane sun raba su, kowa yana zaune a ƙasa yana haki. Mijina ya durƙusa gaban ƙanena yana cewa, "Tashi ka tafi, don Allah tashi ka bi ta baya." Ya ce ba inda za shi sai ya ga Baba. Yana nan a zaune motar 'yan sanda ta iso.

Aka kai su asibiti su uku. Baba ƙashin ƙugunsa ne ya karye, aka yi masa aiki, amma bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Yaya aka ɗinke shi, jijiya ta taɓu, yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa har yanzu. Ƙanena daga asibiti 'yan sanda suka wuce da shi.

Da aka sallami Yaya, bai je gida ba, ofishin 'yan sanda ya nufa da hannu a rataye. Ya ce ya yafe, shi ya fara duka, rigimar gida ce. Suka karɓi yafiyarsa. Amma maganar iƙama daban ce, wannan ba mai yafe ta. Mijina da Yaya suka yi ta zirga-zirga wajen magadan ubangidan nasa, abin bai yiwu ba. Bayan wasu watanni a tsare aka sa shi a jirgi zuwa Cadi, ƙasar da bai taɓa takawa ba.

An yi taron Sallah a wannan shekarar ba mu je ba. Na ji an ce bango fayau yake, kuma ba wanda ya ta da maganar. Tutar ni na tsince ta a falo cikin fasassun gilashi, na kakkaɓe, na naɗe, na ba mijina ya mayar wa wansa. Ban ɗinka mata komai ba. Ni da mijina muka yi kusan wata ba ma haɗa ido sosai. Ba faɗa muka yi ba, kowa dai yana jin kunyar ɗaya.

Yaya ya zo gaishe da Baba bayan an dawo da shi gida daga asibiti. Ya tsaya a ƙofar ɗaki ya kasa shiga. Baba ya ce, "Shigo mana, ɗana." Ya shiga ya zauna a ƙasa kusa da gadon, suka yi maganar zafi da tsadar haya. Da zai tafi ya ce, "Baba, maganar da na faɗa, ban san komai a kanta ba." Baba ya ce ya ji. Ko Yaya ya canza ra'ayi a kan mutumin nasu, ban sani ba. Na fi zaton bai canza ba.

Ƙanena yanzu yana aiki a wani shagon kayan masarufi a can. Ya ce suna kiransa Balarabe saboda yadda yake magana. Bara ya hau mota ya je neman garin kakanninmu. Ya same shi, ƙaramin ƙauye a bakin kogi, ana noman albasa. Ya tambayi wani tsoho labarin ranar da aka kai wa garin yaƙi, tsohon ya ce, "Wacce daga ciki?" Ya kwana biyu a can ya dawo bakin aikinsa.

Yakan kira ranar Juma'a da rana. In kai wa Baba wayar in riƙe masa a kunne, su gaisa, ya tambaye shi ko yana cin abinci, shi ma ya tambaye shi haka.