Saje Mai Ɗinki Biyu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran Saje, tsohon soja kuma maigidanmu a rumfar takalma, bayan gajeriyar jinya.

Saje, ni ne maɗinkin da ka tsinta a ƙofar kamfanin takalma ranar da ake gwanjon kayansa. A ciki na ƙarar da ƙuruciyata, aka rufe shi rana tsaka saboda takalman waje sun cika kasuwa. Kai kuma ajiye kakinka ke nan. Ka sayi kekunan ɗinki da kuɗin sallamarka, ka juyo ka ce, "Malam, keke ba ya tuƙa kansa. Ina mutanensa?" Haka ka kwashe mu, mu da muka gaji da komawa gida hannu rabbana.

Wallahi ba ka san komai game da takalmi ba sai sa shi. Amma ka kafa doka: ba gam, ɗinki biyu a ƙasan kowane takalmi. Ka ce ka taɓa ganin na abokinka ya ɓalle a daji, ya wuni yana tafiya ƙafarsa na jini. Kowace safiya sai ka jera aikinmu a benci kamar masu fareti, ka murɗa, ka ja, wanda ya yi ƙara ka dawo mana da shi. Mun sha gunaguni, ba ƙarya.

To, a nan ne soja ya yi kuskuren soja. Takalminmu ya ƙi tsufa, wanda ya saya sau ɗaya sai dai mu gaisa a hanya. Na same ka na ce, "Saje, mu rage zare mu sa gam kamar kowa, ko masu saye sa dawo." Ka harare ni ka ce, "Ban koyi tura mutum hanya da abin da zai yashe shi ba." Na fita ina cewa taurin kanka zai kashe mu da yunwa. Lokacin da ciniki ya tsaya cak, babur ɗinka ka sayar, ba ka sallami kowa ba.

Ranar zaman makoki na tsaya a ƙofa inda ake tuɓe takalma. Na ga ɗinkina, na ga yankan Dogo, mai yanka mana fata, a ƙafafun masu gadi da 'yan dako da malaman makaranta. Sun dawo, Saje. Na kasa shiga, na tsaya ina kuka.

Tun ba a share makoki ba wani dillali ya zo neman rumfar, wai zai zuba takalman waje. Hankalinmu ya tashi, don ba mai ɗaukar maɗinki mai furfura aiki. Maiɗakinka ta saurare shi har ya gama, sannan ta miƙo mini mabuɗi ta ce, "Yaya, ku buɗe. Ranar da kuka gaza, ku zo ku faɗa mini da bakinku." Mun buɗe. Ban san ko za mu kai baɗi ba, amma ba ni zan kai mata wannan maganar ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ya ba maiɗakinka da 'ya'yanka da abokan aikinka na soja haƙurin wannan rashi. Mu da ka bari a kan kekuna, Allah Ya hana mu jin kunyar iyalinka. Amin.