Tarin Harawa a Bayan Motar Bappayo

Shekara talatin Bamanga ya yi a Manawashi yana zana zaki da gaggafa a bayan manyan motoci. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, layinsa ya karkace, zakinsa ya koma kamar akuya mai mura. Direbobi suka watse. Bappayo kaɗai ya rage, mai jigilar wake ta hanyar Biu, shi ma cewa ya yi wannan ne gwaji na ƙarshe.

Matar Bamanga, Kadijatu, tana shanya kuɓewa a kan tsohuwar kalanda. A jiki akwai zanen wani Bature da ya mutu tun tuni: tarin ciyawa a gona, babu layi ko ɗaya, sai ɗige-ɗigen launi. Bamanga ya kakkaɓe kuɓewar, ya kai takardar hancinsa, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Kadi, zo ki gani! Wannan idonsa irin nawa ne!"

"To sannunku, makafi biyu. Ba ni kalandata."

Bai ba ta ba. Sau tara ya kwaikwayi zanen a katako, ita kuma tana tsaye a bakin zaure tana yanke hukunci. Na farko ya zagaye tarin da baƙin layi, ta ce tukunya ce. A na shida ya gano inuwar ba baƙa ba ce, shunayya ce, ya yi ta tsalle har ya kifar da gwangwanin fenti. A na tara ta ce, "Daga nan gona ce. Kusa kuwa fate-fate."

Ya zuba wa bayan motar Bappayo zanen tarin harawa da rana tana faɗuwa. Bappayo ya matso ya duba.

"Malam, amai ka yi mini a mota?"

Ya ja motarsa ya tafi yana zagi.

A shekarun nan na tashin bama-bamai, sojoji ba sa barin mota ta matsi mota a shingen bincike. Kowa ya tsaya nesa da na gabansa, awa biyu, babu abin kallo sai bayan motar Bappayo. Daga wannan nisan kuwa har hasken yamma ake gani a kan harawar.

Ranar Laraba direbobi huɗu suka yi sallama, Bappayo a gaba yana cewa shi ya fara gano gwanintar. Bamanga ya rasa inda ya ajiye buroshinsa don murna. Yana soke a bayan kunnensa.