Injiniya da Gurnanin Firiji

Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Da hantsin Talata, tara ga watan jiya, Allah Ya karɓi ran mijin yayata, wanda unguwa ta fi sani da Injiniya, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Ni ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa na jinkirta wannan rubutu ina auna abin da ya dace a faɗa. Sai dai ina ganin haƙƙi ne a wuyana in yi wa jama'a bayanin ƙarar da suka shekara suna ji daga ɗakinsa.

Marigayi dai ba injiniya ba ne. Masanin haɗa magunguna ne, a ɗakin magani na asibiti ya yi aiki har ya yi ritaya. Sunan ya samo asali ne daga irin kiɗan da yake saurare, wanda babu ganga a cikinsa, babu mawaƙi, babu abin da za a taka. Wani ƙarar ƙarafa ce da gurnanin injunan masana'anta, an tsara su da na'ura. Wani kuma sauti ne guda ɗaya da ke miƙewa a hankali, har mutum ya manta da shi, sai ya ɗauke a gane ashe yana nan. Maƙwabta suka yanke hukuncin cewa gyaran injuna yake yi a ɓoye.

Ina tuna ranar da telan ƙasan layi ya turo maka janaretarsa a baro, Injiniya. Ba ka kunyata shi ba. Ka sa aka tayar da ita, ka kafa mata makirufo, ka ɗauki tarinta da kakarinta, sannan ka kai ta wurin makanike da kanka. Tela ya yi ta yabon hannunka, aiki kuwa ya ƙaru. Haka ka yi ta jigilar injunan mutane ba ka taɓa ƙorafi ba, kai dai a bar ka ka saurara tukuna.

Kai ka koya mini sauraro. Zuwana na farko ɗakinka, da ka kunna mini faifai, na jira cikin ladabi a fara, har na tambaye ka ko lasifikar ce ta samu matsala. Ka ce, "Ƙanina, an ba ka digiri ba a duba kunnenka ba. Daina jiran abin da zai zo. Ji wanda ya riga ya zo." Na kasa kunne. Can na ji ashe sautin ba ɗaya ba ne, akwai wani siriri a samansa, akwai wani mai nauyi a ƙasa da ke kumbura yana sacewa kamar ƙirjin mai barci. Tun daga ranar ban sake zama ƙarƙashin fanka na ce ɗaki shiru yake ba.

Amma babban burinka ba a cikin fayafayen yake ba, yana kicin. Tsohon firijin gidan, wanda aka saya shekarar aurenku, shi ne a ganinka makaɗin da ba a san darajarsa ba. Yakan fara da tari, ya girgiza, ya shiga gurnani mai tsawo, kwalabe na amsa masa daga ciki, daga ƙarshe ya sauke ajiyar zuciya ya tsaya. Abin da kake nema kawai shi ne ka ɗauke shi tun daga tarin har zuwa ajiyar zuciyar, ba tare da muryar ɗan Adam ta shiga ba. A gidan da ke da mata da 'ya'ya da baƙi, wannan ya fi ƙarfin buri.

Ba ka taɓa samu ba. Wani lokaci kukan jariri, wani lokaci faɗuwar murfin tukunya. Akwai ranar da saura ƙiris, sai baƙo ya yi sallama daga ƙofa. Na ga yadda addini da fasaha suka yi kokawa a fuskarka, addini ya yi nasara, ka amsa sallamar kamar mai haɗiyar magani. Mafi yawan lokuta kuwa Yaya ce. Takan shigo ta tsallake wayoyinka ta buɗe firiji, kana ɗaga mata hannu kana "shhh", tana cewa, "Malam, in wannan abokin naka zai ba ka abinci, sai in koma in kwanta." Da mai gyara ya zo ya ce zai kashe ƙarar gaba ɗaya, sai da ka bi shi har waje kana roƙonsa ya gyara sanyin, ya bar muryar.

Ko a gadon asibiti halinka bai bar ka ba. Ka saurari injin da ke taimaka maka wajen numfashi, ka ce mini yana da tsabta amma ba shi da zurfi. Ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta tambaye ni ko ka fara sambatu. Na tabbatar mata lafiyar hankalinka ke nan. Da zan tafi ka riƙe hannuna ka ce, "Firijin nan dai, ƙanina." 

Bayan masu gaisuwa sun ragu, babban ɗanka, cikin kyakkyawar niyya, ya sayo wa mahaifiyarsa sabon firiji, irin wanda ba ya ko numfashi, ya kuma kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya ɗauke tsohon. Da safen da mutumin zai zo, Yaya ta aika aka kira ni. Na same ta ta jera na'urorinka a ƙasan kicin. Ta ce, "Kai ne ɗalibinsa. Haɗa wayoyin nan a gama masa, kada ya je yana cewa ni na hana."

Na haɗa. Aka kashe wayoyin hannu, aka tura jikoki gidan maƙwabta, aka ajiye mai sayen ƙarafa a ƙofar gida da sharaɗin kada ya yi sallama. Muka zauna, ni da Yaya da 'ya'yanka. Firiji ya yi tari, ya girgiza, ya kama gurnani. Kwalabe suka amsa. Ba wanda ya motsa. Shirun da ka nema tsawon zamanka a gidan ya samu, kuma ina shaida maka ba shi da daɗin zama. Muka wuce inda jariri ke kuka, muka wuce inda baƙo ke sallama. Na ji sautin ya fara sassautawa, na san ajiyar zuciya ta kusa.

Sai Yaya ta miƙe, ta tsallake wayoyin, ta buɗe firijin, ta ɗauko gorar ruwa, kwalabe suka kaure. Ta tsaya kamar mai jiran a ce mata wani abu. Babu wanda ya ce.

Babban ɗanka ya ce, "Haba Mama, saura kaɗan fa!"

Ta ce, "Na sani. In an gama, me kuma zai rage masa a gidan nan? Je ka sallami mutumin can."

Saboda haka, Injiniya, ina ba ka haƙuri, aikin bai kammala ba. Tsohon firiji yana nan a mazauninsa yana tari. Sabon yana falo, Yaya ta ce yana da kyau da ajiyar kwanuka. Na adana abin da muka ɗauka tare da sauran, kuma na saurare su duka. Babu ɗaya da muryarta ba ta ciki, ko a kusa ko daga nesa, babu kuma ɗaya da ka goge.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya sanya ɗawainiyar da ka yi da marasa lafiya da injunan maƙwabta a mizaninka. Ya yalwata makwancinka, Ya ba ka natsuwar da ba mai katse ta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya, da 'ya'yanka da jikokinka, da abokan aikinka, da tela wanda har yau bai yarda ba kai ka gyara masa janareta ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.